Kunun Ayar Kona da Firigon Ajame

Sai da muka ƙetare gadar Gaya muka shiga ƙasar Benin na gane cewa a wannan tafiya buhunan aya sun fi ni daraja. Ni, duk shingen da muka tsaya, a kalli katina a miƙo mini. Su kuwa sai an hau saman mota an latsa su, an soka musu ƙarfe, an ɗebo an tauna, sannan a tambayi mai su. Ni ne mai su, Lawali, mutumin Kona ta ƙasar Tasawa. In za a bi gaskiya ma ba nawa ba ne ni kaɗai. Ayar gonar gidanmu ce, wadda ni da wana Habu muka tona muka rairaye da hannunmu har ƙasa ta zauna mana a ƙirji.

Kowace shekara 'yan kasuwa ke zuwa su kwashe ta a banza. A wannan karon na ce wa Yaya Habu ya ba ni rabi in kai Abijan, in mai da ita kunu, in sayar kofi-kofi. Bai yi mini gardama ba. Abin da kawai ya ce shi ne: "Ka dai san ita ce cin gidan ga in hatsi ya ƙare." Da wannan magana na yi tafiya, kuma ta fi buhunan nauyi.

A Kwatano muka sauya mota. Wani ɗan dako mai fara'a, wanda ya iya "sannu da zuwa" da Hausa, ya ɗauki buhu ɗaya a ka ya ce in tsaya kan sauran zai dawo. Har yau bai dawo ba. Na tsaya a tsakiyar tasha ina zage-zage da harshen da babu mai ji, sai wata tsohuwa mai sayar da burodi ta zo ta zauna daram a kan buhunan da suka rage. Ta nuna mini famfo da hannu, ta nuna gabas, wato in je in yi salla hankali kwance. Da na dawo ta miƙo mini burodi da man gyaɗa. Ba mu fahimci kalmar juna ko ɗaya ba, amma ita ce mutum ta farko da na yi wa addu'a a ƙasar waje.

Daga nan sai Lome, sai Gana, sai ƙafafu suka kumbura, sai Abijan.

Masaukina unguwar Abobo ne, wurin Alhaji Mamman, dattijo ɗan Mayahi wanda ya yi furfura a can yana sayar da garba. Garba abincin talakan Abijan ne: garin rogo turararre da soyayyen kifi da barkono da albasa, kuma mutanenmu na Nijar ne suka riƙe sana'ar. Alhaji ba mai yawan magana ba ne. Ya dubi buhunana, ya dube ni, ya ce da safe in taya yaransa wanke faranti, shi kuma ya ba ni kusurwar tebur in ajiye kununa. Wanda ya ci garba ya sha barkono dole ya nemi abin sha, kuma ni na san hannuna. Kunun aya ba a koya mini shi a titi ba. Na san yadda ake jiƙa ta, na san dabino da kwakwa da kanumfari gwargwadon da ba za su danne ɗanɗanon ayar ba.

Ranar farko kafin hantsi mutane sun yi layi. Wani ya sha ya ce madara ce, na ce ta ƙasa ce, ba ta saniya ba. Na cika jarkoki biyu, waɗanda mu muke kira bido, na naɗe kowane da buhun algarara jiƙaƙƙe, na rataye su inda iska ke wucewa. Haka muke yi a Kona tun kakanni. Ka jiƙa buhu ka rataye bido a reshen bishiyar bedi, ko a tsakiyar bazara ne, ruwan zai yi sanyin da zai kama maka haƙori. Ban taɓa tunanin akwai ƙasar da wannan dabara ba ta ci ba.

Ashe iskar Abijan ita kanta jiƙaƙƙiya ce. Rigar da ka wanke da safe, da yamma tana nan da danshinta. Buhun ba ya bushewa, to da me zai ja zafi? Da azahar na taɓa bido na ji shi ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na ƙara wa buhu ruwa. Kafin la'asar bidon ya kumbura, da na murɗe murfin sai ya yi tsaki, wari ya tashi. Na kai shi kwata na zubar, ina kallon guminmu ni da Habu yana bin lambatu fari tas.

Taurin kai gadonmu ne. Washegari na ce laifin buhun ne, na sake wani. Rana ta uku na ce laifin wurin ne, na sake maratayi. Na koma sayen ƙanƙara ta leda ina jefawa ciki, ita kuma ta narke ta mai da kunun ruwa-ruwa, ta cinye ribar, kuma mai kawo ta sai ya ga dama yake zuwa. Buhu ɗaya ya ƙare a haka, na buɗe na ƙarshe.

A waɗannan kwanaki ne kewar gida ta kama ni sosai. Ba abinci ba, ba ma mutane ba. Iska na yi kewa, busasshiyar iskar nan tamu da muke zagi kullum saboda tana fasa leɓe. Ina kwance a ɗakin da muke cunkushe, zufa na bin kunnena, ina tuna randar Inna a gindin bango da moɗa kife a kanta. In Habu ya kira ya ce, "Ya ayarmu?" sai in ce, "Tana tahiya," in yi sauri in tambaye shi labarin awaki.

Ranar da abin ya fashe, wani direban taksi ne ya sha kofin da na ɗauka bai kai ga lalacewa ba. Ya furzar a ƙasa, ya ɗaga murya da Faransanci yadda duk layi zai ji: ashe Alhaji ya fara sayar da capalo! Capalo ita ce burkutunsu ta can. Aka kwashe da dariya. Alhaji bai yi dariya ba. Ya bari mutane suka watse, sannan ya kira ni.

"Lawali, tun ba a haihe ka ba nike wurin ga, ba a taɓa haɗa sunana da giya ba sai yau. Ba korar ka nike ba, wankin faranti yana nan. Amma kunu ba ya sake hawa teburina sai ranar da ka kawo mini wanda ya kwana ya wuni bai sake ba. In ba ka iyawa, ka saida sauran ayar ga 'yan kasuwa ka huta."

Na ce, "Alhaji, zan kawo."

"Da mi?"

"Da firigo."

Ya dube ni kamar na ce da jirgin sama.

Na haɗa ɗan abin da wankin faranti ya tara mini, na sayar da babbar wayata na koma mai tocila, na nufi Ajame. Ajame kasuwa ce da in ka ce kana neman kan mahaifiyar inji za a ce ka zauna a kawo. Akwai layi guda na tsofaffin firigo, wato firiji, da aka sauke daga Turai, jere kamar shanu ranar kasuwar Mayahi. Ina shiga wani ya kama hannuna da Hausa tsantsa: "Ɗan'uwa, daga ina? Tasawa? Kai, ai kakata 'yar can ce!" Wanda ya yi wata da watanni bai ji an kira garinsu ba ya san abin da na ji. Na saki jiki na bi shi.

Ya kai ni shagon wani mai tumbi da sarƙa a wuya. Suka nuna mini wani fari sol, dogo har kafaɗata, yana ƙyalli. Dillalin ya buɗe ƙofa ya ce, "Sa hannunka ka ji." Na sa. Sanyi ya ratsa ni har gwiwar hannu. Na ƙwanƙwasa gefensa kamar yadda ake ƙwanƙwasa tulu a ji ko ya tsage, ya amsa lafiya. Na jijjiga shi na ji nauyi. A wurina an gama bincike. Na biya, aka ɗora a motar kaya, dillali ya yi mini addu'ar albarka har da shafawa.

A bakin layinmu aka sauke ni. Ina turo shi a baro sai na ga ruwa na ɗiga daga ƙasan ƙofa. Na buɗe ɗan akwatin sama, sai ga ledojin ƙanƙara an jera, sun fara narkewa. Na roƙi mai shagon aski ya bar ni in jona, muka jona. Fitilar ciki ta kama, shi ke nan aikin da ya iya. Na sayi akwati mai fitila.

Ina zaune a gefen kwata ina tunanin wane zagi ne ya dace da kakar nan ta Tasawa, sai na ji an ce, "Ɗana." Tanti Odil ce. Gidanta na bayan rumfar Alhaji, kuma ita ce mai dafa capalon unguwar, da manyan tukwane da hayaƙi. Tun zuwana nake kewaye ƙofarta ina toshe hanci, gaisuwa ma daga nesa. Da Faransancin kasuwa muke magana, nata mai yawa, nawa na kame-kame.

Ta ce ta ji labarin direban taksi, kuma ta shaƙi abin da nake zubarwa a kwata. "Saura kaɗan ka ƙwace mini sana'a," in ji ta, tana dariya har da riƙe ciki. "Ni zafi nake nema abina ya tashi, kai sanyi kake nema naka ya kwanta. Aikinmu ɗaya, ka juya shi ne kawai."

Na so in ji haushi, amma gaskiya ta faɗa. Ta zagaya bayan firigon, wanda ke jone har lokacin, ta dafa ƙarafunan nan baƙaƙe, ta kamo hannuna ta ɗora. Sanyi ƙalau.

"Kai ciki ka taɓa, ko? Ciki kowa na iya yi masa kwalliya. Firigo mai rai bayansa zafi yake yi. In an jona ka ji baya sanyi, gawa ce."

Ta kuma nuna mini yadda ake maƙale leda a bakin ƙofa a rufe a ja. In ta zare salin-alin, robar ta mutu, sanyi zai riƙa zurarewa. Ta ce in mayar musu da kayansu, ko da yake ba ta taɓa jin wanda Ajame ta mayar wa kuɗi ba.

Ni ma ba kuɗi zan nema ba. Kuma akwai abin da na tuna da kaina. A kasuwar Mayahi mai hankali ba ya sayen hatsi da tiyar mai sayarwa, da nasa kwanon awon yake zuwa. To ni mene ne ma'aunina? Bido. Da safe na cika bidona biyu da ruwan famfo, na ɗauki tabarma da buta, na ɗora gawar a mota, muka koma.

Dillali ya ɓace, ba mamaki ya tafi gaida kakarsa. Mai tumbi ya ce bai taɓa ganina ba, daga baya ya ce ya gan ni amma abin da aka saya an saya. Ban ɗaga murya ba. Na sa aka sauke firigon daidai ƙofar shagonsa, na shimfiɗa tabarma a inuwarsa na zauna. Mutumin da ya saba tsaron gona daga tsuntsaye tun fitowar rana, zama ba ya ba shi tsoro.

Mai saye na farko ya zo da matarsa. Aka buɗe musu wani aka ce su sa hannu. Daga kan tabarma na ce, "Tushe deriyar, misye!" Wato taɓa baya, malam. Mutumin ya dube ni, ya zagaya ya taɓa, ya buɗe akwatin sama, ya ja hannun matarsa suka yi gaba. Na biyu ma haka. Mai tumbi ya ce zai kira 'yan sanda, na ce ya kira, su ma wataƙila suna son firigo. Maƙwabtansa suka fara leƙowa suna dariya, wani ma ya aiko mini da shayi. Na yi azahar a wurin. Da na sallame na tarar da mai tumbi tsaye a kaina, zufa ta jiƙa masa sarƙa.

"Shiga ka zaɓi wani ka bar mini ƙofa."

Na shiga da bidona a hannu biyu. Ya nuna mini dogaye, na ce a'a, waɗannan wuta suke sha kamar raƙumi, kuma rumfar garba ba ta da wurinsu. Ya nuna mini na kwance, mai buɗewa ta sama, na ce wannan daskarar da kunu zai yi, in ya narke ya rabu biyu, ruwa sama gari ƙasa. Muka zo kan ƙanana. Na farko, akwatin ƙanƙarar da ke sama ya tokare wuyan bido. Na biyu, akwai tudu a ƙasansa daga ciki inda inji ke ɓoye, bido ya hau ya karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Da ido duk za ka rantse za su ci. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cusa bido ina fitarwa, shi kuma yana bina yana ambaton sunayen da na gode Allah ban san fassararsu ba.

Can ƙurya, ƙarƙashin tarin kwali, na hango wani gajere iya ƙuguna. Da can fari ne. Gefensa ya lotsa, an liƙa masa hotunan 'yan ƙwallo, ba shi da akwatin ƙanƙara ko kaɗan. Na zare faifan jera kaya na ciki, na tura bido ɗaya, na tura na biyu. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar don su aka ƙera shi, ƙofa ta rufe ruf. Na maƙala leda na ja, ta ƙi fitowa. Na ce a jona.

Ya yi wata 'yar ƙara ya ɗauki gurnani a hankali. Na koma tabarmata, amma wannan karon a bayansa na zauna, tafin hannuna a kan ƙarfe. Jim kaɗan ɗumi ya fara zuwa, irin na cikin akuya. Mai tumbi ya ce to ai ga shi, in tafi. Na ce ruwan da ke ciki ne zai sallame ni, ba shi ba. Sai bayan la'asar na buɗe na zuba a murfin buta na kurɓa. Haƙorina ya amsa. Rabon da in ji wannan tun Kona, har sai da idona ya kawo ruwa, na ce sanyi ne.

Saura wurin jonawa. Ɗakinmu mai gidan ya hana ko dutsen guga. Rumfar Alhaji kuwa ba zan kai kaya ba alhali an ce sai na kawo shaida. Tanti Odil ce ta ce in shigo da shi tsakar gidanta. Na tsaya a ƙofa ina jan ƙafa. Ta ce, "Firigon ba ya sha, kada ka damu." Ta share wuri nesa da tukwanenta, ta kawo ƙyalle mai tsabta ta rufe samansa, ta ce duk wanda ya taɓa ƙofar nan a gidan sai ta karya masa hannu. Da yamma na markaɗa aya, na tace, na cika bido, na rufe da bisimilla.

Ban buɗe ba sai washegari bayan la'asar, daidai lokacin da kunu ya saba kunyata ni. Bidon bai kumbura ba. Murfin bai yi tsaki ba. Na ɗauko shi yana raɓa, na zagayo rumfa. Alhaji na zaune inda yake zama kullum, a kujerarsa ta kusurwa, 'yar fankarsa na kaɗa masa. Wurin jona wuta ɗaya ne tak a rumfar, yana bayan kujerar, kuma fankar ce ke ciki.

Na zuba kofi na miƙa da hannu biyu. Ya shinshina tukuna. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya shanye, ya miƙo kofin, na ƙara.

"Na yaushe ne?"

"Na jiya, Alhaji."

"Ina ya kwana?"

Da na iya cewa wurin mai aski. Amma unguwa ɗaya muke, kuma matar ba ta yi mini abin da zan ɓoye sunanta ba.

"Gidan Tanti Odil."

Yaran da ke suyar kifi suka daina motsi. Alhaji ya ajiye kofin a hankali. Na ce a raina shi ke nan, na tsallake tsami na faɗa wani ramin. Ya dubi bidon, ruwa na gangarowa daga jikinsa yana taruwa a kan tebur.

"Ita ta ce ka kawo, ko kai ka roƙa?"

"Ita ta ce."

Ya juya wurin masu suya ya ce a zuba garba faranti guda, a sa tsakiyar kifi, a kai mata, a ce in ji Mamman yana godiya. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya sa hannu bayan kujera ya zare wayar fankar, ta yi juyi biyu ta tsaya. Ya ɗauki kujerar da kansa, ya hana kowa kama masa, ya fitar da ita bakin rumfa inda rana ke duka, ya zauna.

Na ce, "Alhaji, zahi zai dame ka."

Ya share goshi da hannun riga, bai ko dube ni ba.

"Baƙuwa ta ba ayar gidanku wurin kwana, ni ɗan Mayahi ina zaune ina shan iska? Tahi ka ɗauko abinka tun ba a kira magariba ba."